Ƙarfe Ba Kurma Ba Ne

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Mahaifina ya rasu ranar Talata da hantsi, aka sallace shi bayan azahar, kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta mun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Yau kwana tara ke nan. Na ɗauki biro ne don na lura tun yanzu an fara yi wa labarinsa kwaskwarima, wani ya ƙara gishiri, wani ya rage. Akwai kuma wani yanki na labarin da ba mai faɗarsa sai ni, domin ni na yi ɓarnar da ke cikinsa, kuma tun ranar da muka binne shi tambaya ɗaya ce take cina: ya tafi yana fushi da ni, ko ya yafe?

Masu gaisuwa sun zo iri-iri. Maƙeran unguwarmu, 'yan'uwansa na jini da na sana'a, sun zo a ayari ɗaya, suka yi addu'a suka koma gefe suna kallon tafin hannuwansu. 'Yan ga-ruwa sun ajiye jarkokinsu a bakin layi suka shigo sahu. Limamin masallacinmu, wanda ya ja sallar gawar, muryarsa ta karye a kabbara ta uku har sai da ya ɗan dakata. Mutane sun yi mamaki, don ba mai saurin hawaye ba ne. Ni ban yi mamaki ba, kuma zan faɗi dalili in an jima.

Ran kwana uku wani dattijon Bafulatani ya sauka daga bayan ɗan acaɓa. Daga wata ruga yake, can gaba da Mai'aduwa. Ya tsuguna gabanmu ya ce, "Ya muka ji da haƙuri?" Muka ce da godiya. Ya ba mu labarin wata bazara da famfon rijiyarsu ya tsaya, shanu kwana biyu ba su sha ba, Baba ya taka a ƙafa daga bakin titi da zazzaɓi a jikinsa, bai zauna ba sai da ya ga maraƙi na ƙarshe ya ɗago baki daga kwami. Da ya gama ya dubi ƙofar zaure kamar mai jiran mai gida ya fito, sannan ya ce, "To yanzu wa zai ji mana ruwa?"

Ba wanda ya yi dariya, kowa ya san abin da yake nufi. Sai wani maƙwabcinmu ya nuna ni da haɓa ya ce, "Ai ga magajinsa nan, Ardo. Malamin kimiyya ne a sakandare. Abin da marigayi yake yi da kunne, shi a littafi ya san shi." Dattijon ya juyo ya zuba mini ido. Na ce, "Ban iya ba, Ardo." Suka ɗauka tawali'u ne, suka yi ta sa mini albarka.

Baba maƙeri ne ɗan maƙeri. Ya tashi yana ƙera fartanya da lauje da bakin garma, har lokacin da aka fara haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan ƙasar Daura ana ɗora musu famfon tuƙa-tuƙa. Ya bar wa ƙannensa zuga-zugi ya bi famfo. Wanda bai taɓa ganin cikin tuƙa-tuƙa ba, ga yadda yake: ƙarƙashin hannun da ake tuƙawa akwai sandunan ƙarfe sirara, kowace ta kai ƙafa goma, an ɗaura wannan a bakin wannan gaɓa-gaɓa, suna bin cikin bututu har su iske ruwa. Idan famfo ya ƙi, sauran masu gyara sai su tara ƙarti shida su zaro komai waje, wuni guda, kafin su ga inda ciwon yake. Baba ba ya farawa da zarowa. Yakan buɗe kan famfon, ya goge bakin sandar farko da gefen rigarsa, ya ɗora mata wani rodi nasa mai tsawon kamu biyu wanda ya yi wa kai na icen kanya. Ya manna kunne a kan icen, ya rufe ido, ya ɗauki 'yar guduma ya ƙwanƙwasa sau ɗaya.

Kafin ya buga sai an yi masa shiru. Na ga ya sa an janye jaki daga bakin rijiya, na ga ya ɗaga wa mai gari hannu yana tsakiyar magana. Bayan bugu ɗaya ko biyu sai ya ɗago ya ce, "Gaɓa ta shida ta kwance," ko ya ce, "Sanduna lafiyarsu lau, roba ce ta cinye a ƙasa, a kirawo mutane." In aka zaro, haka ake samu. Ba zan ce bai taɓa kuskure ba. Yakan kuskure da gaɓa ɗaya, in kuwa ya kuskure, ranar nan tuwo ba ya yi masa daɗi.

In an ce masa gani ya kori ji, sai ya ce wanda ya yi wannan karin magana bai taɓa leƙa burtsatse ba. Yana da nasa maganganun. Yakan ce doguwar sanda da murya mai kauri take amsawa, gajera kuwa tsiwa gare ta. Yakan ce tsagaggen ƙarfe ba ya iya riƙe magana, kana bugunsa zai ce kaf ya yi shiru. Ya raba bugu gida biyu. Akwai bugun kai, wanda kake bugun sanda a bakinta, motsin ya bi tsawonta ya gangara har ƙarshe ya dawo maka da gaskiya. Akwai bugun gefe, wanda ke sa ƙarfe ya yi ta rawa yana kururuwa, shi wannan a wurinsa surutu ne irin na teburin mai shayi. Ya kuma ce kowane ƙarfe yana da wurin riƙo. In ka riƙe shi a wurin, zai yi ta amo har ka gaji da ji, in ka matsa da faɗin yatsu huɗu ka kashe masa murya.

Hannunsa ba ya zama. Cokali, makulli, zoben azurfar da ke yatsansa, duk abin da ya samu sai ya ƙwanƙwasa abin da ke kusa da shi. Gwaggo, yayarsa, wadda ta dawo gidanmu da zama bayan rasuwar mijinta, ta sha yi masa faɗa a kan tukwanenta. Wata rana a tasha, za mu Katsina ɗaurin aure, ya sunkuya ya ƙwanƙwasa sifirin ɗin bas ɗin da za mu shiga, ya ce wa direba ɗaya daga cikin ƙarafan ya tsage. Direba ya ce, "Baba, fasinja kake ko bakanike?" Baba ya sauke jakarsa ya zauna jiran mota ta gaba, mu ma dole muka sauka. Ban san abin da ya sami waccan motar ba, kuma ba zan ƙirƙira ba. Na dai san mun isa Katsina an riga an shafa fatiha an watse.

Shekarar da ake shimfiɗa wani dogon bututu a gefen hanyar Zango, kafin a binne shi, Baba ya tsayar da leburori da tsakar aiki. Ya sa ɗaya ya tafi can nesa inda da kyar ake gane shi, ya bugi bututun da guduma sau ɗaya. Waɗanda suka kara kunne a wannan bakin suka ji bugu biyu, ɗaya ta cikin ƙarfe, bayansa ɗaya ta iska. Baba ya yi ta murna kamar shi ya halicci abin. "Ƙarfe ya riga iska kawo labari," in ji shi. Ni na san daga littafi cewa ya riga ta da kusan ninki goma sha biyar. Ban gaya masa ba, domin ni da Baba ba ma hira.

Ni ne ɗansa na fari, a gidanmu kuwa kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, ban taɓa sa hannu a kwano ɗaya da shi ba. In zai yi magana a kaina sai ya dubi Gwaggo ko ƙanena ya ce "mutumin nan". Ƙanena kuwa har tsokanarsa yake yi. Ba ƙiyayya ba ce, haka aka yi masa, haka ya yi. Amma dole mutum ya kira ɗansa, sai Baba ya samo hanya. Akwai wani tsohon bututun famfo da ya taso daga zaure, ya bi gindin katanga, ya ƙare a sashen da aka ware mini bayan na yi aure. Ruwa ya daɗe da daina zuwa ta cikinsa. Baba yana zaune a zaure zai miƙa hannu ya ƙwanƙwasa shi da zobensa. Bugu biyu, in zo ana nemana. Bugu uku, an kira salla in fito mu tafi. Akwai kuma bugu ɗaya, wanda yakan yi da safe in ya ji ina fito da babur zan tafi makaranta. Shi wannan ba kira ba ne, ba aike ba ne. Ni ma sai in mayar masa da ɗaya da makullin babur. Shekara shida muna wannan gaisuwa ba wanda ya taɓa ambatonta da baki, ko matata sai daga baya ta gane. Duk abin da na sani na son da mahaifina yake yi mini, ta wannan bututun ya iso gare ni.

Sai aka shigo shekarun ƙaddamar da Shari'a. Masallatai suka cika, bokaye da 'yan duba suka shiga taitayinsu. Mu matasa muna murna, ni ma ina ciki, ban kuma yi nadamar wannan ba. Matsalar Baba daga masoyansa ta zo. Mutanen ƙauye sun ga mutum yana kara kunne a ƙarfe yana faɗin abin da ke ƙasa ƙafa ɗari, sai suka ɗauka kunnen nasa ya wuce ƙarfe. Wani ya zo har zaure ya roƙe shi ya kafa rodi a ƙasa ya ji masa inda ɓarayi suka bi da saniyarsa. Baba ya ce, "Saniyar taka ta ƙarfe ce?" ya kore shi. Wata tsohuwa ta aiko a ji mata ko cikin 'yarta namiji ne. Labarin korar bai yi yawo ba, labarin roƙon ne ya yi yawo, har ya isa kunnen wani matashin malami da ya dawo daga karatu yana wa'azi a masallacinmu. Shi ne limamin da na ambata da farko. A lokacin gemunsa bai cika ba.

Ba mugu ba ne, tsoron Allah ne ya ɗebe shi. Ya kai magana wurin mai unguwa, aka kira zama a zaurensa bayan la'asar, da tsohon liman da dattawa, matasa sun cika ƙofa. Malamin ya yi magana da ladabi. Ya ce, "Baba, ba ni da nufin tozarta ka. Amma gaibu na Allah ne. Yaya mutum zai faɗi abin da ke ƙarƙashin ƙasa, idonsa bai gani ba, ba kuma wanda ya gaya masa?"

Baba ya ce, "Ƙarfe ne ke gaya mini."

A wannan wurin, a wannan lokacin, ba amsar da ta fi wannan muni. Malamin ya ce, "Ƙarfe yana magana?" Baba ya ce, "Ga mai ji." Na ga tsohon liman ya sunkuyar da kai, na ji wani daga waje yana neman tsari. Baba bai iya bayani ba, bai taɓa bukatar yi ba. Na ji tsoro ƙwarai, don in aka tashi a haka sunan ɗan duba zai bi shi har kabari, ba mai ƙara kiransa bakin rijiya, wataƙila ma maganar ta wuce zauren mai unguwa.

Na nemi izini na tashi. Na sa aka kawo rodi biyu daga wani gini da ke kusa, dogo da gajere, na yi abin da na iya, wato darasi. Na ce in ka bugi bakin ƙarfe, wurin da ka buga yakan matse kaɗan, ya turi na gaba da shi, na gaba ya turi na gabansa, har turin ya kai ƙarshe ya juyo. In sanda doguwa ce, tafiyar da nisa, amon sai ya yi kauri. In ta katse a tsakiya, turin zai juyo daga inda ta katse, amon sai ya yi siriri. Na ba malamin rodi ya kara a kunne, na ƙwanƙwasa ɗaya bakin da farce kawai, ya zabura. Na ga fuskoki sun fara saki. Da na tsaya a nan, da yau ba ni da abin rubutawa sai yabo. Amma bakin malamin makaranta ba ya jin an kaɗa ƙararrawa. Ina so in kashe maganar murus, sai na ce:

"Allah gafarta malamai, wannan abu ba komai ba ne. Ɗan aji uku a makarantarmu ya san shi. Duk wanda aka ba rodi da guduma zai iya abin da yake yi."

Aka yi dariya, irin ta sauke nauyi. Malamin ya tashi ya tsuguna gaban Baba ya nemi gafara. Aka shafa fatiha. Mutane suka yi ta miƙo mini hannu ana cewa ɗa ya wanke uba. Baba ya yi wa kowa godiya, ya saɓa rodinsa a kafaɗa, ya bi ta gabana ya fita bai dubi inda nake ba. Wannan bai dame ni ba, ai dama ba ya dubana. Na koma gida ina jin kaina.

Da safe na fito da babur na tsaya jiran bugu ɗaya. Bai zo ba. Na ce ko ya fita da wuri. Da magariba aka kira salla, bututu shiru, sai ƙanena ya leƙo ya gaya mini Baba ya wuce masallaci. Washegari na ƙwanƙwasa nawa ɗayan, da kashegarinsa, da na bayansa. Na yi wata guda ina bugun bututun da ba ya amsawa, sannan na daina. Shekara goma sha bakwai ke nan.

Magana zarar bunu ce. Tawa ta fita ta shiga kasuwa. Samari suka samo rodi da guduma suka bazama ƙauyuka, in an ce a jira Baba sai su ce, "Ai ɗansa ma ya ce ba komai ba ne." Ya ji wannan da kunnensa a kasuwar Mai'aduwa, ƙanena yana tsaye kusa da shi. Shekara ashirin ya yi a bakin rijiya, bayan waɗanda ya yi a maƙera, yana koya wa kunnensa bambancin gaɓa ta biyar da ta shida. Ni kuma na tsaya gaban dattawan unguwarsa na mayar da abin darasin minti goma.

Allah ya nuna mini iyakata ba da daɗewa ba. Tuƙa-tuƙan makarantarmu ya tsaya, shugaban makaranta ya ce ai ga gwani a gida. Na buɗe kan famfo, na kara rodi, na buga, ɗalibai sun kewaye ni. Na ji ƙara. Na sake bugawa, na ji ƙara dai, irin wadda kowa zai ji. Lissafin yana kaina tsaf, na san tafiyar da dawowar ba su kai ƙiftawar ido ba, amma kunnena bai san komai ba. Na daɗe a tsugune har yara suka fara ƙus-ƙus. A ƙarshe na aika wa ƙanena ya ɗauko Baba. Ya zo, ya sa aka yi shiru, ya buga sau ɗaya, ya ce wa ƙanena, "Ta huɗu." Yana naɗe kayansa ya dubi ɗaliban ya ce, "Cikinku waɗanne ne 'yan aji uku?" Wasu suka ɗaga hannu. Ya gyaɗa kai ya ce, "Allah ya yi albarka," ya hau bayan babur suka tafi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na malamin. Cikin wani azumi da aka yi zafi ƙwarai, famfon masallacinmu ya lalace. Baba ya je ba a kira shi ba, da azumi a bakinsa, ya gyara. Ya kuma kira malamin ya kara masa rodi a kunne, ya yi ta bugawa yana cewa, "Ka ji wannan? To ji wannan kuma." Daga nan suka ƙulla. Malamin yakan zo zaurenmu bayan la'asar yana gyara wa Baba karatun ƙananan surori, Baba yana koya masa ƙarfe. Ina wucewa ina jin dariyarsu. Na yi kishi, ba zan ɓoye ba.

Na kai kuka wurin Gwaggo. Ita ta goye ni, ita nake iya gaya wa komai. Na ce, "Gwaggo, wanda ya tuhume shi ya zama abokin hirarsa, ni da na kare shi na zama bare." Tana gyaran zogale, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Shi yaron cewa ya yi ubanka yana da wani abu, tsoronsa kada abin ya zama haram. Kai kuwa cewa ka yi ba shi da komai. Wanne ya fi ciwo?"

Na tura ta ta ba shi haƙuri. Na tura baffana. Na tura malamin kansa. Amsa ɗaya suke dawowa da ita: "Me mutumin nan ya yi? Ai ba komai ba ne." Bai taɓa hana ni komai ba, bai taɓa zagina ba, ya yi wa 'ya'yana huɗuba ya ɗora su a cinya. Ni kuma na ce kunyar da ta hana shi kiran sunana ita ta hana ni in tsuguna gabansa in buɗe baki. Haka nake gaya wa kaina. Gaskiya da girman kai a ciki, don can ƙasan raina cewa nake yi ai ni na cece shi.

Sai kunnen ya fara tafiya. Maƙera takan karɓi rabonta daga kunnen maƙeri in ya tsufa. Da farko sai an maimaita masa, daga baya sai an ɗaga murya, shekara huɗu da suka wuce ya daina jin ko kiran salla, sai dai ya ga mutane sun miƙe. Ya daina zuwa rijiyoyi. Na ce shi ke nan, ko na sami ƙarfin hali yanzu ba kunnen da zan zuba maganar. Amma Baba bai rabu da ƙarfe ba. Wata rana na shigo zaure na same shi ya cire kan icen daga rodinsa, ya ɗora baki ɗaya a jikin rediyo, ya ciji ɗaya bakin da sauran haƙoransa na ciki, idonsa a rufe, ana tafsiri. Ya gano da kansa cewa abin da kunne ya ƙi karɓa ta iska, ƙashin kai yana karɓa ta ƙarfe. Na san sunan wannan a littafi. Na tsaya a bakin ƙofa na haɗiye sunan, na wuce.

Ciwon ajali bai ja ba, mako uku ne. Ranar Litinin da la'asar sakaliya ina zaune a ƙofar ɗakinsa, inda na saba tsayawa, Gwaggo tana ciki tana yi masa fifita. Ta fito ta dube ni ta ce, "In kana da magana, yau ce. Ni na ga irin wannan kwanciyar sau uku." Na ce, "Gwaggo, ba ya ji." Ta ce, "Shiga dai."

Na shiga na tsuguna a gaban gadon. Ban taɓa kusantar fuskarsa haka ba tun da na yi wayo. Na fara magana, ya ga bakina yana motsi, ya kawar da ido wajen bango kamar yadda ya saba. Na ɗaga murya. Ina cikin haka sai ya sauke hannu yana lalube a ƙarƙashin gado. Gwaggo ta gane, ta zaro masa rodin. Ya sa baki ɗaya tsakanin haƙoransa. Ɗaya bakin ya yi ta yawo a iska har ya sauka a ƙirjina, ya matsa da shi sama ya tsaya a ƙashin da ke ƙasan maƙogwaro. Ƙarfen da sanyi. Ya rufe ido yadda yake rufewa a bakin rijiya.

Na ce, "Baba, abin da na faɗa a zauren mai unguwa ƙarya ne. Ba kowa ke iyawa ba. Ni ban iya ba, ban kuma taɓa ganin wanda ya iya ba sai kai. Tsoro ne ya sa na faɗa, girman kai ya hana ni janyewa. Ka yafe mini." Na faɗa da ƙarfi, har ƙanena ya taso daga tsakar gida. Na sake faɗa, kuka ya shiga ciki, ban san wanne ya isa gare shi ba, maganar ko kukan.

Ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya zare rodin daga bakinsa, ya juya kai wajen Gwaggo, ba wajena ba. Muryarsa ta yi ƙasa sosai. Ya ce, "Yaya, gaya wa mutumin nan ya daina ihu. Ƙarfe ba kurma ba ne." Gwaggo ta yi 'yar dariya tana share ido da bakin mayafi. Ya ja numfashi biyu ko uku, ya ƙara da cewa, "Ki ce masa na ji."

Bai sake magana a kaina ba. Washegari da hantsi ya cika da kalmar shahada, kansa a cinyar ƙanena.

Tun ranar nake juya kalmar nan. Bahaushe yana cewa na ji in sauti ya shiga kunnensa. Yana cewa na ji in ya yarda. Yana cewa na ji in yana so ka tashi ka ba shi wuri, yana kuma faɗa in abu ya yi masa ciwo. Baba bai ce na yafe ba, kuma mutum ne da ba ya sakin kalma sai ya auna ta. Jiya, bayan masu gaisuwa sun ragu, na sami Gwaggo a ƙofar ɗakinta na tambaye ta wanne yake nufi. Ta ce ita saƙo aka ba ta, ta kuwa isar, ba a haɗa mata da fassara ba. Na matsa mata, na ce ba na iya barci, ba na iya cin abinci. Ta dube ni ta girgiza kai.

Ta ce, "Kai har yanzu so kake a zaro maka komai waje ka gani da ido. Mutumin da ya ɗora maka ƙarfensa a ƙirji, ka ɗauka kalmominka kaɗai ya tsaya saurare? Ubanka in ya kara ƙarfe ya ji tsaga, faɗa yake yi, ko gaban wa ne, ko ran wa zai ɓaci. Ka ji ya faɗa?"

Na ce, "A'a."

Ta ce, "To tashi ka je ka ci tuwo."

Na tashi na je na ci, ina ci ina kuka. Allah ya ji ƙan Baba, ya yalwata masa makwancinsa, ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da mutane da dabbobinsu. Wanda wannan takarda ta isa hannunsa, ina roƙonsa ya sa shi a addu'a.